Waɗanda Aka Haifa Ɗaya ga Janairu

Ranar wata Laraba, da ƙarfe tara na safe, wata mata mai suna Barira ta haihu a wani ƙaramin asibiti da ke gefen Kano, jini ya ɓalle mata. Jininta irin wanda ake kira O nagetif ne, wanda sai a gwada mutanen layi guda ba a sami mai shi ba. Asibitin ba shi da ko leda ɗaya. Sista Talatu, nas ɗin da ke kanta, ta ɗauki waya ta shiga manhajar Jijiya ta nemi mai ba da jini.

Jijiya kamfani ne da ke riƙe da sunayen masu ba da jini kyauta. Asibiti ya faɗi irin jinin da yake nema, manhajar ta duba rumbunta, ta kira wanda ya fi kusa. Wani matashi mai suna Nazifi ne ya kafa shi da mutum huɗu a cikin shago guda. A shekara ta uku sun kai tamanin, sun cika bene mai hawa biyu.

Nazifi ya karanta littattafai da yawa kan yadda ake tafiyar da kamfanin zamani, kuma ya yi aiki da abin da ya karanta. Ya sa an cire ƙofofin ofisoshi domin kada a ce akwai babba da ƙarami. Ya hana a kira shi Yallaɓai. Ya ce duk wanda ke Jijiya ɗan gida ne. Kullum ƙarfe takwas da rabi ana taron tsaye, kowa ya faɗi halin da aikinsa yake ciki da launi ɗaya: kore idan lafiya, rawaya idan da ɗan cikas, ja idan abu ya lalace. A shekara ta biyu wani ma'aikaci ya ce ja. Nazifi ya tsare shi da tambayoyi minti arba'in a gaban kowa, yana murmushi, bayan wata guda kuma aka daina ganin mutumin. Ba a taɓa rubuta cewa an hana faɗin ja ba, kuma ba a sake jin kalmar a benen ba.

Da buƙatar Barira ta shiga, manhajar ta kira mutum na farko, Sani Abdullahi, mai tuƙa adaidaita sahu. Ya ajiye fasinja ya zo. Aka gwada jininsa, bai dace ba. Sista Talatu ta sake nema, manhajar ta kira na biyu, ya taho daga Bachirawa, aka gwada, shi ma bai dace ba. Awa biyu da rabi suka tafi a haka. A babban allon da ke ofishin Jijiya kuwa buƙatar Barira ta zama kore, domin an tsara manhajar ta ɗauka cewa aiki ya kammala da zarar wayar mai ba da jini ta isa ƙofar asibiti.

Kafin in gaya muku yadda aka ceci matar, sai kun ji yadda aka kai ta bakin kabari. Mutum uku ne suka sa hannu, kuma su ukun ne za su fito da ita.

Na farko Malam Haladu, ɗan shekara hamsin da biyu, wanda ke yawo a babur yana yi wa mutane rajista a kasuwanni da ƙofar masallatai. Tun kamfanin yana shago yake ciki. Fom ɗin da ke cikin wayarsa ba ya wucewa sai an cike ranar haihuwa, mutanen da yake rubutawa kuwa yawancinsu ba su san ranar ba. Wani ya ce da damina, wani ya ce shekarar da aka yi kwalta a garinsu. A farko Haladu yakan zauna ya yi lissafi da mutum har su kusanci gaskiya. Da kamfani ya girma aka ɗora masa mutum sittin a rana, aka manna sunayen waɗanda suka gaza a jikin bango. Sai ya koma yin abin da ake yi a wurare da yawa: ya kalli fuskar mutum ya kintaci shekara, ya rubuta ɗaya ga Janairu. Ya koya wa duk masu rajistar da suka zo bayansa. Kowace safiya ya ce kore.

Na biyu Tasi'u, injiniyan da ke kula da rumbun bayanai, abokin Nazifi tun makarantar sakandare. Masu zuba jari sun aiko cewa za su zo, kuma suna zargin akwai sunayen da aka maimaita don a kumbura adadi. Nazifi ya ba Tasi'u kwana uku ya share maimaici. Tasi'u ya tsara cewa duk rajista biyu da suka zo ɗaya a suna, ranar haihuwa da ƙaramar hukuma, mutum ɗaya ne, a haɗe su. Wajen haɗewa a ɗauki rukunin jini daga tsohuwar rajista, lambar waya daga sabuwa, tunda jini ba ya canzawa amma mutane suna canza layi. Tunani ne mai kyau idan mutumin ɗaya ne. Da ya duba sai ya ga a ƙaramar hukuma guda akwai Sani Abdullahi goma sha ɗaya da aka haifa ɗaya ga Janairu na shekara guda. Washegari a taron tsaye ya ce, "Akwai ɗan abin da nake son in sake dubawa." Nazifi ya ce, "Tasi'u, launi na tambaye ka." Tasi'u ya dubi mutum tamanin da ke tsaye, ya ce kore. Da rana ya danna. Mutum dubu tara suka narke cikin waɗansu.

Ta uku Murja, mai amsa kiran jama'a, shekararta ɗaya da rabi a kamfanin. Doka ita ce kowane kira ya ƙare cikin minti uku, akwai agogo a gabanta yana ƙirgawa. In ta ajiye waya sai ta zaɓi dalilin kiran daga jerin dalilai shida, kuma babu ɗaya a cikinsu da ke cewa kuskuren na kamfani ne. Cikin mako uku bayan haɗewar, mutum bakwai suka kira suka ce sunansu ya ɓace. Ta karanta musu abin da aka rubuta mata, cewa su kashe waya su kunna. Ta zaɓi “mai kira bai fahimci manhaja ba”, sau bakwai. Na biyar a cikinsu tela ne, ya ce mahaifiyarsa ce ke kwance tana buƙatar jini, kuma an yi alkawarin wanda ya ba da jini sau uku za a fara duba nasa. Murja ta duba ba ta gan shi ba. Ta ce, "Malam, ba ka cikin rajistarmu." Agogo ya nuna minti biyu da daƙiƙa hamsin. Ta ajiye.

To, ranar Larabar nan ce baƙin, wato masu zuba jarin, suka iso, mutum huɗu, daga Legas da ƙasar waje. Ƙarfe goma sha ɗaya da rabi suna zaune a gaban babban allo, Nazifi yana nuna musu taswirar Kano cike da ɗigo-ɗigon kore.

A daidai lokacin Sista Talatu ta kira layin jama'a, kiran ya faɗa wa Murja.

"Wa kuke turo mana ne? Mutum biyu kun aiko, babu mai jininta. Likita ya ce in ta kai awa biyu a haka sai dai wani ikon Allah."

Murja ta ce, "Sista, a nan ya nuna an biya buƙatar."

"To ki zo ki gaya wa mijinta an biya."

Agogo ya wuce minti uku. Murja ba ta ajiye ba. Ta tambayi sunan wanda ya fara zuwa, aka ce Sani Abdullahi. Sunan telan nan ke nan. Ta tuna muryarsa, ta tuna ya ce jininsa na masu wuyar samu ne, ta tuna sauran shidan. Barin kujera a lokacin aiki laifin kora ne, an kuma ja kunnen kowa cewa ranar baƙi ko tari kada a ji. Ta cire abin kunnenta ta ratsa ofis, ta tsaya tsakanin Nazifi da allonsa.

"Yallaɓai, ja."

Nazifi ya yi murmushi ya ce wa baƙin ma'aikaciya ce mai ƙwazo, za su yi magana daga baya. Ta ce, "Ba daga baya. Wannan ɗigon da kake nunawa mace ce, jini yana zuba daga jikinta, kuma mu muka turo mata waɗanda ba su dace ba." Ta faɗa da Hausa, ta sake faɗa da Turanci don baƙin su ji. Da ta yi shiru a kujerarta, babu wanda zai san akwai matsala a benen nan sai bayan an binne Barira, domin allo kore yake.

Tasi'u yana gefe riƙe da kwamfutarsa. Tun kafin ta gama ya san abin da ya faru, ya san shi tun mako uku. Dokar kamfani ta ce bayan gyara a goge tsohon rumbu, kuma fitar da bayanan mutane daga ofis laifi ne da zai iya kai mutum kotu. Shi kuwa tun kafin ya haɗe sunayen ya kwafe komai a cikin ɗan filash, 'yar ƙaramar ma'ajiyar bayanai, ya rataye shi tare da makullin motarsa. Mayar da tsohon rumbu yana nufin a kashe manhajar gaba ɗaya na kusan rabin awa, kuma adadin da ake nuna wa baƙin zai canza a idonsu. Nazifi ya matso ya ce a hankali, "Kada ka taɓa komai sai sun tafi. Ka tuna daga inda muka taso." Tasi'u ya ce, "Na tuna." Ya soka filash ɗin. Allon ya yi baƙi.

Bayan minti ashirin da biyar ya dawo. Masu irin jinin Barira na gaskiya da ke kusa, waɗanda lokacin sake ba da jininsu ya yi, mutum uku ne. Ɗaya yana Abuja. Ɗaya zazzaɓi ya kwantar da ita. Na uku Sani Abdullahi tela, wanda ya toshe lambar kamfanin daga wayarsa, kuma da aka gwada da wata waya ya ji an ambaci Jijiya sai ya kashe. Ba don filash ɗin Tasi'u ba, da ba a ma san akwai shi a duniya ba.

Adireshin da ke rajistarsa shi ne “kusa da rijiya, Kurna”. Wannan ba zai kai kowa ko'ina ba.

Malam Haladu yana bakin ƙofa tun safe. An sa masa rigar kamfani an tsayar da shi cikin masu tarbar baƙi. Ya leƙa allon ya ce, "Sani Dogo ne. Ya bar Kurna tun bara, yana wani lungu a Fagge bayan masu sayar da zare." Baburan kamfani suna da na'urar da ke nuna inda suke, an hana fita da su daga yankin da aka ba mutum, an hana ɗaukar kowa a baya. Haladu ya hau ya tafi.

Ya tarar da telan a kan keken ɗinkinsa. Ya yi sallama, aka amsa ba tare da an ɗago ba.

"Malam Sani, wata baiwar Allah ce ta haihu, jininku ɗaya."

"Ai ba na cikin rajistarku. 'Yarku ce ta gaya mini. Sau uku ina kwanciya ana zuƙar jinina, ranar da tsohuwata ta kwanta aka ce ba a san ni ba. Kwana biyu muna yawon asibitoci kafin mu samu. Ka je ka nemi wanda kuka sani."

Haladu ya cire hularsa ya tsuguna a ƙasan shagon, cikin ƙyallaye, a gaban maƙwabtan da suka fara leƙowa. Ya girmi telan da shekara goma sha biyar.

"Ni na ɓatar da kai. Ka ce mini da damina aka haife ka, na rubuta Janairu don ina sauri. Matar nan ba ta san ni ba, ba ta san kamfani ba. Ka hau babur ka zage ni har mu isa, ba zan ce komai ba."

Telan ya ɗago ya dube shi. Sannan ya zare ƙafarsa daga keken ya ce, "Tashi, Baba, kana ba ni kunya a gaban mutane." Ya hau. An ce bai fasa zagin ba, tun daga Fagge har ƙofar asibiti. Ƙarfe ɗaya da kwata aka ɗaura wa Barira jini. Ta rayu, ita da ɗanta. Da wani aka aika ba Haladu ba, da bai sami lungun ba, in ma ya samu da telan bai taso ba.

Da yamma Nazifi ya wallafa hotonsa a shafin kamfani, ya rubuta cewa yau Jijiya ta sake ceton rai, kuma wannan shi ne amfanin gina wurin aiki inda kowa ke da bakin magana.

Baƙin ba su janye ba, amma sun kafa sharaɗi biyu. A buɗe sabon ofishi, a ba mutum ɗaya ikon dakatar da manhajar duk lokacin da ya ga haɗari, ba sai ya nemi izinin kowa ba, har da Nazifi. Sannan a nuna musu a rubuce cewa an hukunta waɗanda suka jawo abin.

Ranar Juma'a Nazifi ya kira su ukun. Da yake ofishinsa ba ƙofa, duk benen ya ji. Ya karanta wa kowa laifinsa na da, ya karanta masa dokar da ya karya ranar Laraba, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya ce kujerar sabon ofishin ta ɗayansu ce, domin su suka fi kowa sanin inda ramin yake. Sauran biyun kuma sunansu ne zai shiga takardar hukunci, su ajiye katin aiki.

Murja ta ce, "Yallaɓai, wa ya sa agogon minti uku?"

"Ba na son mu koma neman mai laifi, Murja. Ba al'adarmu ba ce a nan. Kuma na ce ki daina ce mini Yallaɓai."

Ya ce tunda gida ɗaya ne, ba zai yanke hukunci shi kaɗai kamar wani sarki ba. Su je su zaɓa a tsakaninsu, su kawo masa suna ranar Litinin a taron tsaye.

A ƙarƙashin darbejiyar da ake ajiye babura suka tsaya. Da farko kowa ya zagi Nazifi, wannan bai ɗauki lokaci ba don babu saɓani a kai. Daga nan aka zo kan suna.

Tasi'u ya ce, "Kujerar nan ta mai sanin rumbu ce. In an ba ɗayanku, me zai dakatar? Bai ma san inda ake dannawa ba."

Murja ta ce, "Kai da ka san inda ake dannawa ai mun ga abin da ka danna. Mako uku kana yawo da mutum dubu tara a jikin makullin mota, Injiniya. Kana gaishe mu da safe."

"Ke kuma mutum bakwai suka gaya miki da bakinsu. Ni lissafi na gani, ke kuka kika ji."

"Na ji. Ni ce kuma na tsaya a gaban baƙi. Kana nan riƙe da kwamfuta kamar mai riƙe da jaririn wani, sai da mace ta yi magana ka tuna kana da filash."

Haladu ya ce, "Ku bi a hankali, 'ya'yan nan."

Tasi'u ya juya. "Baba Haladu, da ba ka mayar da rabin Kano 'yan Janairu ba, da lissafina daidai yake."

"Wa ya yi fom ɗin da ba ya karɓar ‘ban sani ba’? Ni na yi shi? Ka taɓa tsayawa a Kwanar Dawaki da rana tsaka ka tambayi mai dako ranar haihuwarsa? Ku kuna cikin sanyi kuna haɗe mutane kamar ana haɗa gero. Ni na san fuskar kowane ɗaya. Ni na durƙusa wa yaron da na girma, ba ku ba." Ya gyara zaman hularsa. "Kuma ku in an kore ku gobe wani kamfanin zai ɗauka. Wa zai ɗauki mai shekara hamsin da biyu?"

Murja ta ce, "Wannan tausayi ne, Baba, ba cancanta ba. In tausayi ake bi, ni ma ƙannena huɗu suna kallona."

Ba su rabu da sallama ba.

Kada wani a cikinku ya ce mini Nazifi ne ya kamata ya tafi. Na sani, su ma sun sani, masu gadin benen ma sun sani. Sunansa ba ya cikin waɗanda ake zaɓa, kuma shi zai sa hannu a takardar.

Ranar Litinin ƙarfe takwas da rabi mutum tamanin suka tsaya. A ƙarshen baranda kafinta ya gama kafa wa sabon ofishin ƙofa, ita kaɗai ce a duk benen, da kujera ɗaya a bayanta. Aka zagaya, kowa ya ce kore. Da aka zo kan su ukun Nazifi ya ɗaga makullin sabon ofishin ya ce, "To, 'yan gida, wa kuka zaɓa?" Su ukun suka dubi juna, ba su zo da suna ba.

Murja ta ji kukan mutum bakwai ta rufe, amma ita ta buɗe baki ranar da kowa ya yi shiru. Tasi'u ya ga ramin ya ce kore, amma shi ya ɓoye gaskiyar inda ba a goge ta ba, ya kuma kashe allon a gaban abokinsa. Haladu ya rubuta ƙaryar da komai ya tsiro daga gare ta, amma shi ya san lungun, shi ya kai gwiwarsa ƙasa.

To, ku da kuka ji duka: wa za a miƙa wa makullin nan, su wa kuma za su ajiye katinsu?